Goro da Nescafé ba sa sauke giya daga kan direba

Tambaya: Likita, ƙanena direban haya ne, yana jigila tsakanin Jos da Abuja. Da dare yakan sha kwalba huɗu, amma da asuba sai ya sheƙa ruwan sanyi, ya haɗa Nescafé mai kauri, ya jefa goro a baki, ya ce ta sake shi. Ni dai gabana faɗuwa yake yi duk ranar da ya ɗauki lodi. Da gaske ta sake shi?

Amsa: 'Yar'uwa, ba ta sake shi ba, kuma fargabarki tana kan hanya.

Hanta ce ke ƙone giya, ita kuwa ba ta san sauri ba: giram 7 zuwa 10 take iya narkarwa a awa. Babbar kwalba ɗaya tana ɗauke da kusan giram 24, huɗu sun tasar ma 100 ke nan. Ko da ƙarfe tara na dare ya fara, lokacin da zai bar tasha ƙarfe shida akwai sauranta a jininsa.

Wannan zancen goro da kofi ya ishe mu a asibiti. Abin da ke cikinsu barci kawai yake kora. Bai ƙara wa hanta gudu, bai gyara lissafin tazara, bai dawo da saurin ƙafa kan birki. Sai ma ya ɓata lamarin, domin wanda ya bugu yana gyangyaɗi wataƙila ya faka ya kwanta, amma wanda goro ya buɗe wa ido gani yake garau yake, ya taka mota, ya shiga obatekin a kwana. Haka wanka, haka farfesu mai yaji, haka fura da nono, haka tura yatsa a yi amai bayan giyar ta riga ta bi jini. Duk abin da ke fita ta gumi da fitsari da numfashi bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Wani ma har Panadol yake korawa da shi, ya ɗora wa hantar wani nauyin.

Ki lissafa: mota mai gudun kilomita 100 tana cin mita 28 a daƙiƙa guda. Ya makara rabin daƙiƙa, ya shafe mita 14 kafin ƙafarsa ta taɓa birki. A gangaren Hawan Kibo, bayan tirela, mita 14 ɗin nan ita ce komai.

Sannan ga masu tallar "maganin basir" da "maganin sanyi" a tasha. Yawancinsa saiwa ce aka jiƙa a ogogoro, mai ƙarfin da ya ninka na giyar kwalba sau da yawa. In aka haɗa da tiramadol, farfaɗiya na iya kama mutum yana riƙe da sitiyari.

Ki gaya masa ya ware wa kowace kwalba awa uku cur, kuma daren da zai wayi gari da lodi kada ya kusance ta. In ya ƙi ji, ki sami shugaban 'yan yuniyon na tasharsu, shi ke da ikon hana shi layi.

Ki kuma lura da hannunsa da safe. In yana karkarwa da zufa ranar da bai sha ba, jikinsa ya riga ya kamu, kada ya yanke ta dare ɗaya a gida, domin jijjiga na iya zuwa cikin kwana biyun farko. Ki kai shi asibiti a janye shi da magani.