Amsa ga Maman Hanif: ni ma an taɓa rufe min makaranta da yara huɗu a gida

Wa alaikumus salam Maman Hanif. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kin ce an rufe makarantu a wajenku saboda tsaro, yara uku suna zaune, babu kuɗin mai lesin, ke kuma iyakarki sakandare, kina tsoron su mance ɗan abin da suka koya. 'Yar'uwa, a Gusau nake, sau biyu na ɗanɗani wannan. Na farko lokacin korona, daga Maris ɗin 2020 har kusan ƙarshen shekarar. Na biyu a Satumbar 2021, bayan an kwashe ɗalibai a Kaya ta Maradun, aka rufe firamare da sakandare gaba ɗaya, kwana biyu tsakani aka datse layin waya, ga shi kuma an hana cin kasuwannin mako. Babansu kuma a kasuwannin ƙauye yake nema. Ga yara a gida, ga babu waya, ga babu kuɗi.

Amma ba na biyun ne ya fi ƙona min rai ba, na farkon ne. Makarantar kuɗin da suke zuwa ta ce za a ci gaba da karatu ta WhatsApp, kowane yaro naira 3,000 a wata. Na sayar da atamfata biyu da ban ko ɗinka ba na biya. Me ake turowa? Hoton allo wanda ko rubutun ba ya fitowa, da muryar anti ta minti biyu, ana jin kukan ɗanta a baya. Ga kuɗin data a kaina. Rannan na ce bari dai in zauna da Abba da kaina, yana aji 3 a lokacin, yaron da kullum yake kawo min na biyu ko na uku. Na buɗe littafinsa na Turanci, ya zuba karatu tar kamar ruwa, har ina murna. Sai Allah ya sa na tsallake zuwa shafin da ba su kai ba, na nuna masa kalma mai harafi uku. Ya yi tsuru-tsuru. Na koma shafin farko na rufe hoton da tafin hannuna, nan ma shiru. Na ɗauka iskanci ne. Wayar caja ce a kusa da ni, da ita na zane shi, har gobe ina jin abin a ƙirjina. Yana kuka yana cewa, Umma ni fa ban san su ba, anti ce take faɗa mu maimaita. Shekara biyar ina biyan kuɗi har da nasare, ashe hadda kawai yaron yake yi. Daren nan ban runtsa ba, ina shafa masa man zafi a baya yana barci.

Da na samu mai makarantar, a gaban wasu iyaye ta dube ni ta ce, Hajiya ai ke ce ba kya bibiya. Ni! Wa ya rubuta masa na biyu a katin sakamako? Ko haƙuri ba ta ba ni ba, sai ma ta tuna min da bashin kuɗin rigar wasanni. Na bar ta da Allah, amma har yanzu in na hango motar makarantar sai gabana ya faɗi.

To abin da zan fara ce miki, kafin ki koya musu komai ki gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ki samo rubutun da ba su taɓa gani ba, ko na jikin kwalin ashana ne, ki ce su karanta. Kada katin sakamako ya ruɗe ki. Kuma don Allah in kin ga abin da na gani, ki tashi ki sha ruwa, kada ki ɗaga hannu. Abba ya fi wata guda in ya gan ni da littafi sai ya ce cikinsa na ciwo.

Da Hausa na sake fara masa, tun daga wasula biyar. Ba, be, bi, bo, bu, da gawayi a bangon tsakar gida, sannan mu haɗa: ba-ba, ka-za, tu-lu. Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, shi ya sa yaro yake saurin kamawa, kuma ya san abin da kalmar take nufi. Bai kai wata uku ba ya fara karanta min sunayen shaguna a hanya, daga nan Turancin ya zo da sauƙi. Wannan ba ya buƙatar digiri, sakandarenki ta isa har ta yi yawa.

Lokaci kuma, ni na fara da zafi, wai daga takwas zuwa sha biyu kamar makarantar gaske, har da jadawali a bango. Kwana huɗu muka yi ya watse. Abin da ya ɗore shi ne awa ɗaya bayan karin kumallo, kafin rana ta yi zafi, kafin a kunna kallo. In an ɗauke wuta ma ni murna nake. Lissafi a wajen girki muke yi: gwangwani nawa ne a tiya, in na ba ka 500 ka sayo magi na 150 nawa ne canjina. Ƙaramar da marafan lemo da ƙwayar wake ta koyi ƙirga.

Babbar 'yarki ki sa ta koya wa ƙannenta, ita ma bita take yi ba ta sani ba. Amma ki lura, ita ce za a fara janyewa. Tawa a 2021 yayar babansu ta matsa sai an ɗora mata tallan awara, wai tunda zaman banza take. Mun fi wata biyu ba ma ga maciji da ita a kan wannan. A layinmu 'yan mata biyu daga wannan zaman ba su sake komawa aji ba, da aka buɗe makaranta ana maganar bikinsu ne. Kai, wannan ma wani labarin ne.

Kada ki bari su bar makarantar allo ko islamiyyar unguwa in tana nan kusa kuma hankalinki ya kwanta da hanyar, ita ce ta riƙe min su da tashi da wuri. Mu ma mun haɗu mu huɗu maƙwabta, wata mai NCE da ba ta samu aiki ba tana zama da yaran a zaure sau uku a mako, muna ba ta abin da ya sawwaƙa, wani lokacin har da hatsi. In kina da babbar waya da layi, akwai shafin darussa na intanet mai suna Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, darussan kyauta ne, data ce taki. Sai dai ki zauna kusa, in kin juya baya kartun za su koma. Ki riƙa murɗa rediyo ma, lokacin korona an sa darussa a tashoshin jihohi da dama.

Ki faɗa min ajin kowannensu. In akwai mai shirin jarrabawar shiga sakandare, tsofaffin takardun tambayoyin Abba suna nan cikin akwati, anjima in na sauke tukunya sai in ɗauki hotonsu in turo miki. Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya shirya mana su.