Draya na juyawa amma kaya ba sa bushewa

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da fama. Na ga kin ce drayarku, wato injin busar da kaya, tana juyawa lafiya lau amma sai kin yi zagaye biyu wani lokacin uku kafin tawul ya bushe, samanta kuma ya yi zafi zau, har kina tambaya ko ki kira mai gyara ko kawai a sayi sabuwa. Toh ni dai shawarata kar ki sayi komai tukuna, kar ma ki kira kowa. Na haura shekara 10 a jihar Minnesota ta Amurka, draya uku na yi fama da su, kuma duk sanda na ji irin wannan ƙorafin ba injin nake fara zargi ba, iska ce ba ta samun hanyar fita.

Ki tuna shanya a gida. Cikin Agusta in gari ya yi lumshi babu iska sai kaya su wuni a igiya da danshinsu, amma da hunturu kafin azahar sun bushe ƙayau ko rana ba ta buɗe sosai ba. Itama draya haka take, zafi kaɗai ba ya busar da kaya, dole tururin ya fice waje ta wannan bututun da ke bayanta. In ya toshe turara kayan kawai take yi kamar dambu.

Gwajin farko ko sisi ba za ki kashe ba. Ki kunna ta, ki zagaya waje inda bakin bututun yake fitowa a jikin bango, akwai ɗan murfi da iska ke ɗagawa. In ya buɗe sosai kin ji iska mai ɗumi na bugun hannunki da ƙarfi toh hanya a buɗe take, in kuwa da ƙyar yake motsi kin kama ɓarawon. Mu nan har dusar ƙanƙara takan rufe wajen, a duba wannan ma.

Ni abin da ya same ni a gidanmu na farko, wata Asabar drayar ta ɗauke ɗif, na kalli YouTube na gano wani ɗan fis ne fari a bayanta wanda yake tsinkewa in zafi ya yi yawa, na saya da kuɗi kaɗan na canja, ina ta yi wa uwargida kuri wai na zama injiniya. Sati uku bai cika ba ya sake ƙonewa. Sai a lokacin maƙwabcina wani dattijo Bature ya ce ka taɓa leƙa bututun kuwa? Wallahi da muka zare shi abin da ya fito sai da ya kusa cika ledar shara, audugar kaya ta dunƙule kamar katifa, can bakin waje kuma tsuntsu ya yi sheƙa abinsa har da ciyayi. Ashe fis ɗin aikinsa ya yi, shi ya hana gidan kamawa da wuta, ni kuma ina ta ganin laifinsa. Shi ya sa in wani ya ce miki a haɗe wayoyin biyu a tsallake fis ɗin don Allah kar ki yarda, audugar nan kamar fetur take. Hukumar kashe gobara ta Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa ana samun gobarar draya kusan 2,900 a shekara a gidaje, kuma rashin sharewa shi ne kan gaba a dalilai.

Yadda ake yi, fara zare fulogi daga bango, ba kashe maɓalli kawai ba, don ta lantarki wutar 240 take ja ba 120 irin ta sauran soket ba. A jawo ta gaba a hankali, a kwance zoben ƙarfen da ya riƙe bututun da sukundireba, a zuƙe cikin da huba, injin nan mai zuƙe ƙura, ta ɓangaren injin da ta ɓangaren bango. Akwai buroshi mai sanduna da ake jonawa su yi tsawo, kantunan kayan gyaran gida irin Home Depot da Lowe's duk suna da shi, ana ɗaura shi a bakin injin huda, sai dai a riƙa juya shi dama kawai, in aka yi baya sandunan za su warware buroshin ya maƙale a cikin bango, nan kuma an shiga uku. Sau ɗaya a shekara ya isa, amma gida mai yara da wanki kullum ni sau biyu nake yi.

In kin tarar bututun irin farin roba ne mai lanƙwasa kamar macijiya a jefar da shi, a sa na ƙarfe mai inci 4, gajere kuma miƙaƙƙe iya yadda zai yiwu, don kowace kwana tana rage ƙarfin iska. A haɗa gaɓoɓin da salatif ɗin foyil, banda sukuru, tsininsa a ciki shi ke kama audugar. Kuma wajen mayar da injin kar a danna shi jikin bango har bututun ya lotse, mutane da yawa nan suke ɓata aikin bayan sun gama wahala.

Rariyar nan ta bakin ƙofar drayar mai tare audugar kaya kuma na san za ki ce kullum kina cirewa. Madalla, amma ki kai ta famfo ki zuba mata ruwa, in ruwan ya kwanta a kai bai zuba ba toh maiƙon takardun ƙamshin nan da ake jefawa cikin kaya ya toshe ramukan, ido ba ya gani. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ta bushe a mayar. Akwai kuma wasu siraran ƙarafa biyu a ciki masu jin danshin kaya, a goge su da sifirit, in sun yi datti sai injin ya ɗauka kaya sun bushe ya tsaya da wuri.

In duk an yi wannan iska na fita amma sanyi ƙalau, sai a duba bireka, makunnin da ke cikin akwatin wutar gida, in ta lantarki ce nata biyu ne a haɗe, ɗaya kan iya faɗuwa gangar ta ci gaba da juyawa babu zafi, a kashe gabaɗaya a sake kunnawa. Bayan nan ne ake maganar koyil ɗin zafi, da mitar auna wuta ake gwada shi, amma tunda kin ce samanta na zafi ban ga alamar taki ta kai can ba.

Ba ki faɗa mana ta gas ce ko ta lantarki ba. In ta gas ce share rariya da bututu kawai naki ne, layin gas a bar wa masu shi, kuma toshewa a nan ta fi haɗari don hayaƙin da ba ya wari zai iya dawowa cikin gida. In kuma haya kuke ki rubuta wa mai gida, musamman benen da bututun ya bi ta rufi, kar Alhaji ya ce zai hau sama a wannan sanyin.

Lambar samfurin tana jikin ƙofa ta ciki in kin buɗe, ki ɗauko hotonta da na bayan injin ki turo, sai in gaya miki inda fis ɗin taki yake. Amma fara zagayawa waje ki ga murfin nan tukuna.