Yaron da na shayar: ɗana ne ko bare?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara 19 da suka wuce maƙwabciyata ta rasu wajen haihuwa, ta bar jinjiri namiji. Lokacin ina goyon 'yata mai wata huɗu, sai na haɗa su, wannan a dama wannan a hagu, har na yaye su. A hannunmu ya tashi. Yanzu dangin mijina sun ce bare ne, wai in muna so ya zama ɗan gida sai mu aura masa 'yar tamu. Mene ne matsayinsa? Kuma zai gaje mu?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, bari in fara da abin da ya fi gaggawa: wannan aure haramun ne, kada a ko soma maganarsa. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta lissafa uwayen da suka shayar da ku da 'yan'uwanku mata na shayarwa cikin waɗanda ba a aura. Annabi (SAW) ya ce shayarwa tana haramta abin da nasaba ke haramtawa. An ma taɓa yi masa tayin 'yar Hamza, ya ce ba ta halatta gare shi ba, domin shi da Hamza nono ɗaya suka sha. Malamai sun yi saɓani kan adadi: Malikiyya sun ce ko sau ɗaya ya isa muddin yaro na cikin shekarun shayarwa, Shafi'iyya sun ce sai sau biyar. Ke da kika shayar har yaye, wannan saɓani bai ma shafe ki ba.

Saboda haka ɗanki ne na shayarwa, mijinki ubansa ne ta wannan fuska, 'ya'yanku duka 'yan'uwansa ne. Ba sai kin yi masa lulluɓi ba, kuma muharraminki ne a tafiya. Abin mamaki, masu kiransa bare su ne ke neman haɗa wa da ƙanwa aure, ko in ce ƙane da ya, tunda ta girme shi.

Sai dai nono ba ya canza suna, ba ya kawo gado. Zaidu ɗan Harisa, ɗan riƙon Annabi (SAW), an daɗe ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, har aya ta 5 a Suratul Ahzab ta sauka da umarnin a kira kowa da sunan ubansa. Son da Annabi ke masa bai ragu da ƙwayar zarra ba, suna kawai aka mayar wa mai shi. To ku bar wa yaron sunan mahaifinsa, ku kuma nuna masa danginsa na jini, don zumuncinsu na wuyansa.

Game da dukiya, ƙofa biyu a buɗe suke. Kuna iya yi masa kyauta da ranku da lafiyarku, ya karɓa a hannunsa. Kuna kuma iya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba, kamar yadda Annabi ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Da yake shi ba magaji ba ne, magada ba su da ikon hanawa. Shawarata, tunda tun yanzu an fara surutu, ku rubuta ta, ku sa shaidu biyu adalai. Wallahu a'alam.