Tambaya da Amsa: Wasan kwamfuta ya ƙi girkuwa, dole ne sai an yi fomat?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukansu daga Maradi da kewayenta, kuma dukansu a kan wasannin kwamfuta da suka ƙi girkuwa ko suka ƙi buɗewa. Mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a unguwar Zariya. Na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, Core i5 ce mai RAM giga 4 da Windows 10. Abokina ya zuba mini wasan ƙwallo na PES 2021 a kile (filashin USB), amma duk lokacin da na fara girka shi sai ya tsaya kafin ya kai ƙarshe, ya fito da saƙo mai ɗauke da sunan ISDone.dll da Unarc.dll da lamba -12. Wani mai gyara ya ce babu mafita sai an yi wa kwamfutar fomat, ni kuwa takardun karatuna duk suna ciki. Ina neman shawararka.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka kai ta a yi mata fomat saboda wannan matsalar, domin saƙon da ka kwafo mana ya riga ya nuna inda ciwon yake, kuma ba a jikin Windows yake ba. Abin yana damuna ƙwarai yadda fomat ya zama maganin kowace cuta a wasu shagunan gyara, alhali mutum yakan rasa takardunsa da hotunansa, ya biya kuɗi, ya dawo gida ya tarar da saƙon nan yana jiransa yadda ya bar shi.

Irin wasan da ake yawo da shi a kile matse shi aka yi domin ya rage girma, kuma aikin manhajar girkawa shi ne ta warware shi gutsure bayan gutsure ta zuba a diskinka. Unarc.dll shi ne mai warwarewar. Tun lokacin da aka matse wasan an lissafa wa kowane gutsure wata lambar tantancewa, kuma bayan warwarewa ana sake lissafin a gwada da na farko, kamar yadda ɗan kasuwa yake sake ɗora buhun wake a sikeli ya ga ko nauyin ya yi daidai da wanda aka rubuta a jikinsa. Lamba -12 tana nufin lissafin biyu bai zo ɗaya ba. Ke nan ko dai fayil ɗin ya lalace tun kafin ya iso gare ka, ko kuwa yana lalacewa ne a cikin kwamfutarka lokacin warwarewa.

Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabe tsakanin waɗannan biyun. Ka sake gwadawa kana lura da wurin da girkawar take tsayawa. Idan kullum a kaso ɗaya take tsayawa, da sunan fayil ɗaya a cikin saƙon, to, fayil ɗin ne ya lalace, kuma babu abin da za ka yi wa kwamfutarka da zai gyara shi. Idan kuwa yau ta tsaya a farko, gobe a tsakiya, to, sai a koma kan RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita, da kuma zafi.

Lalacewar fayil ita ce ta fi yawa, kuma galibi kile ne sanadi. Mutane sukan zare shi kafin kwafi ya kammala, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki a kwamfutar da batirinta ya mutu. Akwai kuma kile na jabu, wanda aka rubuta wa giga 64 alhali abin da yake iya riƙewa bai kai rubu'in haka ba. Irinsa yakan nuna cewa kwafi ya kammala lafiya, amma duk abin da ya wuce ainihin cikinsa ya salwanta. Wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna H2testw tana cika kile da bayanai ta sake karanta su, ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Ka kuma sani cewa kile mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS, kuma mayarwar ta hanyar fomat tana goge abin da ke ciki. Don haka ka koma wurin abokinka, ku buɗe Propriétés na dosiyen wasan a kwamfutarsa da a naka kile, ku gwada yawan fayiloli da girmansu har zuwa lambar ƙarshe. Bayan haka ka kwafe dosiyen zuwa diskinka ka girka daga can, kada ka girka kai tsaye daga kile.

Idan alamar ta nuna kwamfutar ce, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mdsched, ka bar ta ta sake tashi ta gwada RAM ɗinta. In ta sami kuskure, sandar RAM ɗin ce za a canza. Zafi kuma ba abin rainawa ba ne a garinmu, inda a watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka. Warware wasa yana sa furosesa aiki da dukan ƙarfinsa na tsawon lokaci, saboda haka kada ka ajiye kwamfutar a kan katifa ko darduma, ka ɗaga bayanta iska ta ratsa, ka rufe sauran manhajoji, ka yi aikin da dare ko da asuba. Idan lambar ta canza ta koma -11, wannan yana nufin an kasa rubutu a diski, kuma yawanci rashin fili ne a ɓangaren diski na C, inda Windows yake ajiye fayilolin wucin gadi ko da a D kake girkawa. Ka kuma ba dosiyen girkawar suna gajere marar wasali mai alama irin na Faransanci, marar ƙ ko ɗ, misali C:\Wasa, domin wasu manhajojin girkawa ba sa gane irin waɗannan haruffa.

Sai dai akwai magana marar daɗi da ya zama dole in faɗa maka kafin ka ɓata dare a kan wannan aiki. Mafi ƙarancin abin da kamfanin Konami ya gindaya wa PES 2021 shi ne Windows mai bit 64, RAM giga 8, fili giga 40, da katin hoto irin GeForce GTX 670 mai aiki da DirectX 11, wato manhajar Microsoft da wasanni suke nuna hoto da ita. Kai giga 4 gare ka. Ka danna Windows da R, ka rubuta dxdiag, ka duba cikakken sunan furosesanka da abin da aka rubuta a shafin Affichage. Sunan Core i5 shi kaɗai ba ya gaya maka komai, lambar da ke bayansa ce take magana: i5-2520M, alal misali, na zubi na biyu ne, na shekarar 2011, kuma Intel HD Graphics 3000 da ke cikinsa a DirectX 10.1 ya tsaya. RAM ana iya ƙara shi, amma katin hoton kwamfutar tafi-da-gidanka a manne yake, ba a canza shi. Idan irin wannan ce taka, wasan zai iya girkuwa tsaf ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe yana tafiya da ƙyar. Tsofaffin fitowa irin PES 2017, wanda aka gina kan DirectX 9, su ne daidai da ƙarfinta.

Game da asalin wasan kuma, yawancin waɗanda suke fitar da saƙon ISDone.dll kwafi ne da aka fasa ba da izinin masu shi ba, shi ya sa ake cewa a kashe antibirus kafin a girka. Ban ba ka wannan shawarar ba. Ta irin waɗannan fayiloli ake cusa birus mai satar kalmomin sirri, kai kuwa a wannan kwamfutar kake rubuta kundin kammala karatunka. Tun 2021 Konami ya sauya wa wasan suna zuwa eFootball ya mayar da shi kyauta, kuma akwai shi a wayar Android, wadda wataƙila ta fi kwamfutarka iya ɗaukarsa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da ɗan shagon da yara suke buga wasa a Ali Dan Sofo. Bayan an sake wa kwamfutocina Windows, wasannin suna girkuwa lafiya, amma da na buɗe su sai wani ya ce babu MSVCP140.dll, wani ya ce babu d3dx9_43.dll. Na sauko da waɗannan fayilolin ɗaya-ɗaya daga intanet na zuba, yanzu kuma sai lamba 0xc000007b take fitowa.

AMSA: Barka kadai, Alhaji, Allah ya sa albarka a sana'a. Wasanninka lafiyarsu ƙalau. Abin da ya faru shi ne sabon Windows bai zo da wasu ƙananan manhajojin tallafi da wasanni suke jingina da su ba, waɗanda tsohon ya tara a hankali ba tare da ka lura ba.

MSVCP140.dll da ɗan'uwansa VCRUNTIME140.dll suna cikin kunshin Microsoft mai suna Visual C++ Redistributable na 2015 zuwa 2022. Lambar da ke cikin sunan fayil ita take nuna shekarar kunshin: 100 na 2010 ne, 110 na 2012, 120 na 2013. Sabon kunshi ba ya maye gurbin waɗannan tsofaffin, don haka wanda yake da wasanni na shekaru daban-daban, kamar kai, yana bukatar ya girka su duka su zauna tare. Shi kuwa d3dx9_43.dll, haka ma xinput1_3.dll da wasu wasanni suke nema saboda makamin bugawa, suna cikin DirectX End-User Runtimes na watan Yunin 2010. Mutane da yawa suna rikicewa a nan, ganin cewa Windows 10 ya zo da DirectX 12, sai su ɗauka ya ƙunshi duk na baya, alhali waɗannan fayilolin ba sa cikinsa.

Lambar 0xc000007b da ta biyo baya, saukar da fayil ɗaya-ɗayan nan ce ta fi yiwuwa ta jawo ta. Kowane ɗayansu iri biyu ne, na bit 32 da na bit 64, sunansu ɗaya, kuma idan wasa mai bit 32 ya ci karo da na 64, ko akasin haka, wannan lambar yake fitarwa. Ka cire waɗanda ka zuba da hannunka, sannan ka sauko da kunshin daga shafin Microsoft kaɗai, ka girka na x86 (bit 32) da na x64 (bit 64) duka biyun ko da Windows ɗinka mai bit 64 ne, domin tsofaffin wasanni da yawa masu bit 32 ne. Kafin ka kashe kuɗin intanet ma, ka leƙa cikin dosiyen wasan, sau da yawa akwai wani ƙaramin dosiye mai suna Redist ko _CommonRedist da yake ɗauke da su. Kunshin DirectX ɗin bai kai mega 100 ba, na Visual C++ kuwa kowanne bai kai rabin haka ba, saboda haka ka tara su a kile guda mai kyau ka ajiye a shago, ka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai ka sauko da direban katin hoto, manhajar da take sa katin aiki, daga shafin wanda ya ƙera shi, wato NVIDIA ko AMD ko Intel, domin shi ma fomat ya tafi da shi.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Tibiri. Ɗana yana son girka Steam a tsohuwar kwamfutar tebur ta gida mai Windows 7 don ya sauko da wasannin kyauta, amma ta ƙi, kuma shafukan intanet da yawa suna cewa haɗin ba amintacce ba ne. Na lura duk lokacin da aka ɗauke wuta kwanan watanta yana komawa shekarun baya.

AMSA: Malama, lurar da kika yi da kwanan wata ta warware rabin matsalar. A jikin allon uwar kwamfuta akwai ɗan batiri mai faɗi kamar kwabo, lambarsa CR2032, shi yake riƙe agogo idan babu wuta, kuma naki ya mutu. Shafukan intanet masu tsaro suna gabatar da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutar da take zaton ana shekarun baya kuwa sai ta ƙi amincewa da ita. Ana samun batirin wurin masu gyaran agogo. A kashe kwamfutar a zare ta daga wuta kafin a canza shi, sannan a daidaita kwanan wata da sa'a.

Ɗaya rabin kuma batiri ba zai gyara shi ba. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Steam kuma ya daina tallafa wa Windows 7 da 8 daga 1 ga Janairun 2024. A nan kam sake Windows yana da dalili, amma a fara kwashe takardunki zuwa wani wuri, a kuma tabbatar Windows 10 mai bit 64 za a saka, da RAM aƙalla giga 4. Ki sani cewa shi ma Windows 10 wa'adin kulawarsa ya cika a 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ya karɓar tsofaffin kwamfutoci irin wannan, don haka kada a riƙa shiga asusun banki ko na aiki da ita. Idan Steam ya hau, yana ci gaba da sauke wasa daga inda ya tsaya bayan ɗaukewar wuta, kuma yana da wurin tantance fayilolin wasa wanda yake sake sauko da ɓangaren da ya lalace kaɗai. Idan yaron ƙarami ne, ki duba masa SuperTuxKart na tseren motoci da GCompris na koyon lissafi da karatu, dukansu kyauta ne daga shafukan masu su, ba sa bukatar Steam, kuma ana buga su ba tare da intanet ba bayan an girka.