Tambaya da Amsa: 'Yata ta ci 286 a JAMB, za ta samu likitanci a Jami'ar Legas?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, tare da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni uwa ce, shekarata 22 ina zaune a Agege, a nan na haifi duk 'ya'yana, amma asalinmu mutanen Jihar Katsina ne. Babbar 'yata ta kammala sakandare bana, ta ci maki 286 a jarrabawar JAMB, sakamakonta na WAEC kuma ya fito: A1 a Lissafi, B2 a Bayoloji, B3 a Turanci, B3 a Kimistiri, C4 a Fiziks. Tun tana firamare ba ta da buri sai na zama likita, kuma Jami'ar Legas ta sa a zaɓinta na farko saboda ba ma son ta yi nisa da gida. Maƙwabta sun ce da wannan maki ta riga ta shiga, har wasu sun fara kiranta Dakta, amma wani malaminsu ya ce kada mu saki jiki. Akwai kuma wanda ya zo wa maigidana da maganar cewa idan aka ba shi wani abu zai samo mata takardar 'yan asalin Legas, wai ta fi saurin shigar da yaro. Malam, ka faɗa mini gaskiya ko da ɗaci, ina yarinyar nan ta tsaya?

Daga wata uwa, Agege, Legas.

AMSA

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah Ya yi wa yarinya albarka, Ya saka muku da alheri kan tsayuwar da kuka yi wa karatunta. Kafin komai, ki isar mata da barkata, domin 286 ba ƙaramin maki ba ne. A jarrabawar 2025, cikin ɗalibai sama da miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ne suka gaza kai 200 daga cikin 400 a sakamakon farko da aka fitar, saboda haka wadda ta kai inda 'yarki ta kai ta yi wa mafi yawan tsararrakinta fintinkau. Sai dai malaminsu shi ne ya fi maƙwabta kusa da gaskiya, kuma zan nuna miki dalili da alƙaluma, domin ki iya zama da maigida da ita kanta yarinyar ku sake lissafin da hannunku.

Jami'ar Legas ba makin JAMB kaɗai take dubawa ba. Tsarin da ta daɗe tana bi shi ne ta haɗa abubuwa uku su ba da jimilla 100. Makin JAMB yana ɗaukar 50, ta hanyar raba abin da ɗalibi ya ci gida 8. Jarrabawar tantancewa da jami'ar ke shiryawa da kanta, wadda ake kira Post-UTME, tana ɗaukar 30. Sakamakon WAEC ko NECO a darussa biyar ɗin da kwas yake buƙata yana ɗaukar 20, inda A1 ke ba da maki 4, B2 ya ba da 3.6, B3 ya ba da 3.2, C4 ya ba da 2.8, a gangaro har zuwa C6 mai maki 2. To, mu ɗauki alƙalami. Idan aka raba 286 gida 8, an sami 35.75. Darussanta biyar, wato 4 da 3.6 da 3.2 sau biyu da 2.8, sun tashi 16.8. Ke nan a yau, kafin ta shiga ɗakin jarrabawar tantancewa, tana riƙe da 52.55 daga cikin 70 da aka riga aka raba. Ko da za ta cinye jarrabawar tantancewa duka, 30 bisa 30, iyakar inda za ta tsaya shi ne 82.55. Idan kuma ta ci 24, wanda shi ma ƙoƙari ne mai kyau, za ta tashi da 76.55.

Ga inda gizo ke saƙar: a shekarun baya-bayan nan, makin da ake yanke wa masu neman likitanci a wannan jami'a ta hanyar cancanta zalla ya sha haura 80. Wannan maki ba a tsayar da shi tun farko, yana fitowa ne bayan an jera masu nema daga na sama zuwa na ƙasa an ƙirga gurabe, inda gurbi na ƙarshe ya faɗa nan ne iyaka. Guraben kuwa ba jami'a ce kaɗai ke da ta cewa a kansu ba, domin Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wato MDCN, ita ce ke ƙayyade adadin ɗaliban da kowace kwalejin likitanci za ta ɗauka gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Kwalejin likitancin Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, wadda 'yan'uwanmu mazauna unguwar ke wucewa ta ƙofarta kullum, ba za ta ƙara ko kujera ɗaya ba don kawai masu nema sun yi yawa a wata shekara. Saboda haka amsata a taƙaice ita ce ƙofar ba ta rufe ba, amma ƙunci gare ta, kuma ta hanyar cancanta zalla sai yarinya ta ci 28 ko fiye a jarrabawar tantancewa kafin a fara maganar tana cikin sahu.

Ina so ki lura da wani abu a cikin wannan lissafi wanda iyaye da yawa ba sa lura da shi. Tunda raba makin JAMB ake yi gida 8, maki ɗaya tak a jarrabawar tantancewa daidai yake da maki 8 a JAMB. Yaron da ya ci 310 ya shantake ya sami 19 a tantancewa, 'yarki za ta sha gabansa idan ta ci 26, muddin sakamakonsu na sakandare ya yi daidai. Na taɓa raka 'yar ƙanwata wani shagon kwamfuta domin a duba mata sakamako, na tarar da wani matashi zaune a bakin benci riƙe da takardar JAMB ɗinsa da ya kai aka lulluɓe da leda mai ƙarfi don kada ta lalace, makinsa ya haura 300, amma allon kwamfuta na nuna masa ba a ba shi gurbi ba. Da muka yi magana ya ce tun ranar da sakamakon JAMB ya fito bai sake buɗe littafi ba, domin kowa a gida ya ce masa an gama. Har yau ina tuna yadda yake ta juya takardar nan a hannunsa. Don Allah, Hajiya, a rage wa yarinya aikin gida da aike a makonnin da suka rage, a nemo mata tambayoyin shekarun baya, ta riƙa gwada kanta a kwamfuta tana duba agogo, kuma a roƙi maƙwabta su jinkirta kiranta Dakta, domin sunan yana sa yaro jin kamar ya iso alhali yana tsakiyar hanya.

Sai maganar asali, wadda ta shafi kusan duk Bahaushen da ya haifi 'ya'yansa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ko Obalende. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ta kasa gurabe kashi uku: kashi 45 cikin 100 na cancanta, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'a, kashi 20 kuma na jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko. Jihohin yankin Jami'ar Legas su ne Legas, Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti, kuma abin da ake dubawa shi ne jihar asali da ɗalibi ya rubuta, ba inda aka yanke masa cibiya ba. Don haka 'yarki, duk da a Agege aka haife ta kuma wataƙila Yarbanci a bakinta kamar Hausa, ba ta cikin kashi 35 ɗin nan. Na san abin yana yi wa iyaye ciwo, ni ma ina ganin akwai gyara a tsarin da ke mayar da yaro baƙo a garin da bai san wani gari ba sai shi, amma da tsarin da ke ƙasa za mu yi aiki. Abin da ya kamata ki sani shi ne Katsina tana cikin jihohi 23 da ke da rabo a kashi 20 na ƙarshe, tare da Kano, Jigawa, Sakkwato, Zamfara, Kebbi, Borno, Yobe da sauransu. Wannan wata ƙofa ce ta halal da yarinya ke da ita, ko da yake jihohi 23 ne ke rububin ta, kuma kada a ɗora dukkan fata a kanta.

Wannan ya kawo ni kan mutumin da ya zo wa maigida da maganar takarda. Ku sallame shi cikin mutunci, kada ku ba shi ko sisi. Bayanan yarinya suna nan a rajistarta ta JAMB da lambarta ta NIN, kuma bayan an ba ɗalibi gurbi akwai tantance takardu ido da ido, inda takardar ƙaramar hukuma ta bogi kan iya jawo a ƙwace gurbin, ko a kori ɗalibi bayan ya yi shekaru yana karatu. Ban da haramcin abin da haɗarinsa, za ku jefar da haƙƙin da take da shi na 'yar Katsina domin neman rangwamen 'yan maki da ba nata ba. Haka kuma duk wanda ya ce yana da hanya a ciki, ku tuna cewa tun 2017 hukumar JAMB ta kafa tsarin CAPS, wato manhajar intanet da ake bi ta cikinta wajen ba ɗalibai gurbi, kuma gurbin da bai fito a shafin ɗalibi na CAPS ba, ba gurbi ba ne, ko da an miƙo muku wasiƙa mai hatimi.

Da 'yata ce, ga yadda zan yi. Zan zaunar da ita in tambaye ta abin da ta fi so tsakanin zama likita da zama a Legas, domin wataƙila ba za a sami biyun a lokaci guda ba. Idan likitancin ne a gaba, to, jami'o'in tarayya na Arewa sun cancanci a duba su da idon basira, musamman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda 'yar Katsina take cikin 'yan yanki, da Jami'ar Bayero ta Kano da ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Can ma likitanci ba a samunsa a ɓagas, amma matsayinta a layi zai bambanta da na Jami'ar Legas. Hukumar JAMB tana ba da damar sauya jami'a ko kwas a cibiyoyin da ta amince da su, sai dai wajibi ne a yi hakan kafin jami'ar da ake so ta rufe rajistar tantancewarta, kuma a sani cewa Jami'ar Legas ba ta sauraron wanda bai sa ta a zaɓin farko ba, don haka wanda ya fita ya fita. Idan kuwa zaman Legas ne ya fi muhimmanci a wurinku, akwai kwasa-kwasan lafiya a jami'ar kamar harhaɗa magunguna, aikin jinya, gashin ƙashi, gwaje-gwajen asibiti da ɗaukar hoton marasa lafiya, waɗanda su ma ana gogayya a kansu, amma jimillar 76 ko 77 tana da ƙima a wasunsu fiye da yadda take da ita a likitanci. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne a shiga wani kwas da niyyar tsallakawa likitanci a shekara ta biyu, domin ba kasafai hakan ke yiwuwa ba, kuma na ga yaran da suka shekara huɗu suna karatun da zuciyarsu ba ta ciki saboda wannan alƙawari.

Akwai kuma hanyar jira. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, na WAEC kuwa yana nan. Idan ta zaɓi ta sake zama baɗi da wannan sakamakon na sakandare, ta kuma ci 25 a tantancewa, to, kafin jimillarta ta kai 83 sai ta nemi kusan 330 a JAMB, wanda ke nuna miki girman aikin da ke gabanta. Gyara Fiziks kaɗai ba zai wadatar ba, saboda Jami'ar Legas tana neman darussa biyar ɗin a zama ɗaya, ke nan sai dai ta sake jarrabawar gaba ɗaya. Wasu kuma kan bi ta shirin share fage na shekara guda, JUPEB a nan Legas ko IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, su nemi shiga aji biyu kai tsaye, amma shirin yana cin kuɗi, guraben likitanci ta nan ma ƙalilan ne, sai mai sakamako na ƙoli.

Kafin ƙarshen makon nan, ki sa ta je cibiyar JAMB ta tabbatar an ɗora sakamakonta na WAEC a shafinta na CAPS, domin ba a ba wanda bai ɗora ba gurbi komai makinsa, sannan ta duba ko sunanta da ranar haihuwarta sun zo iri ɗaya a takardun WAEC da JAMB da NIN. Ta karanta sanarwar jami'ar ta bana da idonta a shafin jami'ar na intanet, tunda sharuɗɗa kan sauya daga shekara zuwa shekara. Idan sakamakon tantancewar ya fito, ki aiko mini da abin da ta ci, mu sake lissafin tare. Allah Ya zaɓa mata mafi alheri, ki gaida maigida.