Amsa: Rumfar da ke gefen Uffizi a Florence

Malam, ka tambaya ko rumfar da ke gefen gidan tarihin Uffizi a birnin Florence na Italiya ta cancanci a tsaya mata, kuma ko ana biya. Ta cancanta ƙwarai, kuma kyauta ce. Sunanta Loggia dei Lanzi, an kammala ta a 1382.

A rumfar, ka daɗe a gaban mutum-mutumin tagulla na Perseus, jarumin tatsuniyar Girkawa, riƙe da kan dodanniya Medusa, wanda masassaƙi Cellini ya gama a 1554. Ka zaga bayansa ma, aikin yana da ban mamaki. Da yawa daga cikin sassaƙen tsirara suke, idan da yara za ka je.

Uffizi kuwa sai da tikiti, kuma ba a buɗewa ranar Litinin.