Kariyar gida ko mai aure, wacce zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Katsina, ruwanmu wurin 'yan garuwa muke saye, don haka ina neman furen da ba zai cinye mini jarka ba. Mai sayar da furanni ya nuna mini kariya iri biyu: ta gida mai fure ruwan hoda, da wata mai tsada, furenta ja ninki-ninki. Wacce zan ɗauka? Ina da yara ƙanana da awaki biyu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki ɗauki ta gida. Kariya 'yar ƙasarmu ce, tana fitowa da kanta a dajin Sahel tun daga Senegal har Sudan, ta saba da ranarmu da hunturunmu. Mai ninkin nan yawanci aure aka yi mata, kamar yadda ake wa mangwaro, kuma irinta daga gonakin furanni na Tailan ya yaɗu. Kyakkyawa ce, amma idan reshen da aka aura ya mutu, abin da zai tsiro daga ƙasa furen gida ne. Ki fara koyo da mai araha tukuna.

A wurin saye, gindin za ki duba, kada fure ya ɗauke miki hankali. Wannan kumburarren gindi shi ne randarta, nan take ajiye ruwa. Ki matsa shi da yatsa. In ya yi tauri, lafiya lau. In ya lotsa, ruɓewa ta fara, ki bar wa mai ita ko da ya rage kuɗi. Ki kuma tambaya ko daga iri aka shuka ta, domin ita ce ke yin ƙaton gindi. Wadda aka dasa daga reshe takan daɗe siririya.

Abin da ke kashe kariya a gidajenmu yawan kulawa ne. Na ga mata da dama suna zuba mata ruwa safe da yamma don tausayi, har saiwar ta ruɓe, abin yana ba ni takaici. Ki samo tukunya mai huji a ƙasa, ki haɗa yashi mai yawa da ƙasa kaɗan da garin gawayi, ki ajiye inda rana ke duka akalla awa 6. Kada ki ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau. A watan Agusta ki matsar da ita ƙarƙashin rumfa idan ruwa ya yi yawa. Da hunturu za ta zubar da ganye, kada ki tsorata, sau da yawa a lokacin ne take cika da fure.

Maganar yara da awaki kuwa, ki riƙe ta da kyau. Ruwan da ke fita daga jikin kariya dafi ne mai taɓa zuciya, har mafarauta a wasu sassan Afirka kan shafa shi a kibiya. Ki ɗora tukunyar a kan dakali mai tsawo inda hannun yaro da bakin akuya ba za su kai ba, kuma duk lokacin da kika yanke reshe ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa abinci ko ido.